Jijiya ta 10: abin da ya kamata a sani kafin a ɗura wa sumamme ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ɗan ba mu fili a shafin wasiƙu na jaridarka. Mu ma'aikatan lafiya ne, cikinmu akwai likitoci da ma'aikatan jinya da masu sa barci a ɗakin tiyata. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata jijiya ce da yawancin mutane ba su taɓa jin labarinta ba, alhali da hannunta a matsaloli da dama da ake kwasowa a guje zuwa asibiti: ɗalibar da ta yanke jiki ta faɗi a layin asambili, manomin da maganin feshi ya kama, mai ciwon sugan da ke aman tuwon dare da hantsi, dattijon da ya ƙware da kunu bayan shanyewar ɓarin jiki. A duk waɗannan, taimakon da jama'a ke bayarwa da zuciya ɗaya sau da yawa shi ke ƙara dagula al'amarin.

Likitoci na kiranta begas, ko jijiya ta 10, domin ita ce ta 10 a jerin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kowace akwai ta dama da ta hagu. Ba jini ke gudana a cikinta ba, saƙo take ɗauka. Tana tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, ta fita ta wata kafa a ƙasan ƙoƙon kai, ta gangaro ta gefen wuya kafaɗa da kafaɗa da manyan hanyoyin jinin nan biyu, mai kai jini kai da mai dawo da shi. A wuya ta ba da rassa ga ganɗa da maƙoshi da akwatin murya, har da wani ɗan reshe da ke zuwa ramin kunne. A ƙirji ta ba zuciya da huhu nasu, sannan ta nannaɗe bututun abinci ta bi shi, ta ratsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ta bazu a tumbi da hanta da matsarmama da ƙaramin hanji da kusan rabin babban hanji. Daga nan zuwa dubura da mafitsara, wasu jijiyoyi ne daga ƙugu ke karɓar aikin. Kusan kashi 80 cikin 100 na zarurrukanta rahoto suke kai wa ƙwaƙwalwa: ciki ya cika, huhu ya buɗe, jini ya hau, an haɗiyi abin da bai dace ba. Ragowar kashi 20 ne ke sauko da umarni.

A kan zuciya, aikinta aikin birki ne. Zuciya na da wani ɗan wuri da ke kunna bugunta da kansa, kuma da za a ƙyale shi, bugu wajen 100 zai riƙa yi a minti ɗaya ko mutum na kwance. Jijiya ta 10 ce ke danne shi dare da rana har ya sauko tsakanin 60 da 80. Shi ya sa wanda aka yi wa dashen zuciya, da yake an yanke jijiyar, bugunsa kan zauna a wajen 90 zuwa 110. Yadda take dannewar kuwa, a 1921 ne Otto Loewi ya gano shi a birnin Graz na ƙasar Ostiriya. Ya tsokani jijiyar zuciyar kwaɗo da lantarki har ta rage gudu, ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa zuciyar wani kwaɗon, ita ma sai ta rage gudu. Ashe wani sinadari jijiyar ke fesawa, wanda yanzu ake kira asitilkolin. Shi da Henry Dale suka raba kyautar Nobel ta 1936 a kan wannan. A riƙe sunan sinadarin, domin maganar maganin feshi da zaƙami duk a kansa take.

Mu fara da suma, tunda ita ta fi yawa. Kusan mutum 1 cikin 3 zai taɓa suma a rayuwarsa, kuma mafi yawanta irin wannan ce. Idan mutum ya daɗe a tsaye wuri ɗaya, jinin da ya kai rabin lita ko fiye kan taru a ƙafafu da ciki. Ga zafin watan Afrilu ya buɗe hanyoyin jinin fata, ga zufa ta rage ruwan jiki, wataƙila ma ba a karya ba. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, ita kuma tana ta matsawa da ƙarfi a kan ɗan abin da ya samu. Ana cikin haka sai ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin da bai dace da halin da ake ciki ba: jijiya ta 10 ta taka birki, bugu ya faɗo 40 ko ƙasa, hanyoyin jini su saki gaba ɗaya. Jini ya kasa hawa kai. Cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka mutum ya zube. Ganin jini, zafin allura, mummunan labari, yunƙurin bayan gida mai tauri, tashi fitsari cikin dare ga dattijo, tari mai tsanani, duk suna iya tayar da wannan.

Kafin faɗuwar akwai gargaɗi, sai dai ba a kula da shi. Mutum zai fara hamma, zuciya na tashi, zufa mai sanyi ta karyo a goshi, leɓe da tafin hannu su yi fari fat, gani ya dushe, sauti ya yi nisa. Wanda ya ji haka ya kwanta nan take, ko a ƙasa ne, ko cikin sahu ne. In ba hali, ya tsuguna, ko ya harɗe ƙafafu a tsaye ya matse cinyoyi da ɗuwawu da ƙarfi, ya dunƙule hannu ya riƙe na daƙiƙa 30. Matsewar na tura jinin ƙafa zuwa zuciya. Kunyar zama ita ke kai mutane ga fasa haɓa da goshi.

Idan ya riga ya faɗi, Malam Edita, faɗuwar ita kanta magani ce, domin kai ya dawo daidai da zuciya, jini ya samu hanya. Abin da ake buƙata kaɗan ne. A bar shi a kwance rigingine, a ɗaga ƙafafunsa kamar santimita 30, a ɗora kan benci ko jaka ko cinyar wani. A sassauta wuyan riga da ɗamara ko ɗaurin zane, jama'a su ja baya, a yi masa fifita. A duba ƙirji yana ɗagawa. Mai tsohon ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Wanda ya yi amai a juya shi gefe. Yawanci kafin minti 1 ya buɗe ido, ya san inda yake. A bar shi kwance minti 10 zuwa 15, ya zauna tukuna, sannan a ba shi ruwa ya sha da hannunsa.

Abin da muke gani kuwa akasin haka ne. Ana rugawa a ciccibo shi a zaunar, wani ya tallafe kai, wani ya buɗe baki da cokali a ɗura ruwa ko madara, a kanga masa albasa ko hayaƙin tsumma a hanci, a mammare shi. Zaunar da shi na mayar da jinin ƙasa, sumar ta ƙara tsawo, har jiki ya fara fizga. Ruwan da aka ɗura kuwa ba ciki yake tafiya ba, domin murfin da ke rufe hanyar iska lokacin haɗiya, wanda wannan jijiya ce ke kula da shi, ba ya aiki ga wanda ba ya cikin hayyacinsa. Huhu yake gangarawa. Bayan kwana 2 a dawo da yaro da zazzaɓi da numfashi sama-sama, a ce ciwon ne ya ci gaba. Ba mu zo gardama kan ruƙiyya ko ruwan addu'a ba. A yi addu'ar ƙafafu na sama, a shafa ruwan a fuska, shan ya jira farfaɗowa.

Fizge-fizgen da kan biyo suma ba lallai farfaɗiya ba ne. Na suma kaɗan ne, bayan faɗuwa suke zuwa, ba sa wuce 'yan daƙiƙoƙi, kuma mutum na farfaɗowa garau. Mai farfaɗiya kan sandare ya yi ta jijjiga minti 1 zuwa 2, ya ciji gefen harshe, ya tashi a ruɗe na tsawon lokaci. An ɗora yara da yawa kan maganin farfaɗiya na shekaru, an kuma ɓata wa 'yan mata suna wajen aure, a kan sumar da ruwan sha da karin kumallo za su hana.

Amma kada a ɗauka kowace suma ta wannan jijiya ce. Wanda ya suma yana tsakiyar gudu ko ƙwallo, ko yana kwance, ko ba tare da wani gargaɗi ba, ko da ciwon ƙirji, ko a danginsu akwai wanda ya mutu fuju'a da ƙuruciya, zuciyarsa ce abin tuhuma, sai an yi masa gwajin ECG, wato awon lantarkin zuciya. Macen da al'adarta ta ɗauke ta suma da ciwon mara, a ɗauka ciki ne a wajen mahaifa ya fashe har sai an tabbatar ba shi ba ne. Wanda bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, jini ke zuba a cikinsa. Mai ciwon suga da ke shan magani, musamman da azumi, a auna sugansa. Dattijon da ya fara suma a shekara 60 a duba magungunan hawan jininsa. Wanda bai farfaɗo ba bayan minti 2, a nufi asibiti. Wanda ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti.

Akwai kuma inda muke tsokano birkin da gangan. Wasu mutane zuciyarsu kan ɗauki gudu farat ɗaya, bugu 150 zuwa 250 a minti, ta kuma tsaya farat ɗaya, saboda saƙon lantarki na kewayawa a wata 'yar hanya a saman zuciya. Jijiya ta 10 na iya katse kewayen. Ga yadda ake yi: majinyaci ya kishingiɗa rabi zaune, ya sa bakin sirinji mai mililita 10, wanda ba allura, a bakinsa, ya hura da ƙarfin da zai motsa sandar sirinjin har daƙiƙa 15. Yana sakewa a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa sama sosai na daƙiƙa 15, sannan a mayar da shi kishingiɗe. Wani bincike da aka yi a asibitocin Ingila, aka wallafa a 2015, ya nuna wannan hanya ta daidaita bugun kashi 43 cikin 100 na majinyata, hurawa kawai ba ɗaga ƙafa kuwa kashi 17. Ga jariri, ƙanƙara a leda ake ɗora masa a goshi da saman fuska na 'yan daƙiƙoƙi, a asibiti. Wannan na wanda likita ya riga ya tabbatar wa da irin ciwonsa ne. Murza gefen wuya da ake nunawa a bidiyo kuwa, a bar wa likita: ga mai shekaru yana iya ɓamɓaro daskararren kitse daga hanyar jini ya tafi ƙwaƙwalwa, murza ɓangare biyu lokaci ɗaya kuma na iya tsayar da zuciya. Danna ƙwayar ido an daina shi tuntuni.

Ungozomomi su lura da wannan: zura robar zuƙe majina can cikin maƙoshin jaririn da aka haifa yanzu na tsokano jijiyar, bugunsa ya faɗi, numfashi ya ɗauke. Jaririn da ya yi kuka a goge masa baki da hanci, ya wadatar.

Yanzu maganin feshi, wanda a ganinmu nan ne rayuka suka fi salwanta a banza. Asitilkolin da jijiya ta fesa, akwai wani sinadari da ke share shi nan take domin saƙon ya tsaya. Fiya-fiya da Sniper da danginsu na maganin ƙwari wannan mai sharewar suke kashewa. Sai asitilkolin ya yi ta taruwa, duk abin da jijiya ta 10 da 'yan uwanta ke yi ya wuce kima: yawu na dalala, hawaye, zufa sharkaf, amai da gudawa, murɗar ciki, baƙin tsakiyar ido ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, bugun zuciya ya ragu, hanyoyin iska su matse su cika da ruwa. Ruwan huhun nan, da raunin naman da ke jan numfashi, su ke kisa. Gubar na shiga ta baki da ta fata da ta numfashi, don haka mai feshi ba riga a rana tsaka, da mai zuba ta a buhun wake, da wanda ya fesa a ɗaki ya rufe yara suka kwana, duk suna cikin haɗari. Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani a ƙananan kwalabe tun 2019, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san halin da ake ciki.

Manja ba ya karya wannan guba. Madara ma haka. Sa yatsa a maƙoshi don a yi amai ya fi su muni, domin maganin a cikin wani mai dangin kananzir aka narka shi, in ya shiga huhu ƙona shi yake yi. A tuɓe kayan da maganin ya jiƙa, mai tuɓewar ya sa leda a hannu, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a kwantar da shi ta gefen hagu kai ya ɗan yi ƙasa domin yawu ya zubo waje, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Kwalbar na da muhimmanci, don maganin ciyawa aikinsa daban, maganinsa daban. A asibiti, makarin shi ne atrofin, wanda ke toshe wuraren da asitilkolin ke sauka. Ga babba ana fara miligiram 1 zuwa 3 ta jijiyar jini, a saurari ƙirji bayan minti 5; in bai bushe ba a ninka, a sake ninkawa, har ƙirji ya washe, bugu ya haura 80, awon jini na sama ya haura 80. Kuskuren da ya fi yawa a ƙananan asibitoci shi ne a yi allura ɗaya ko biyu a zauna jira. Na biyu shi ne sallama da wuri. Atrofin ba ya gyara raunin nama, kuma tsakanin kwana 1 zuwa 4 wasu kan kasa ɗaga kai daga matashi, daga nan numfashi ya gaza. Wanda ya sha da gangan kuma, bayan ya tashi yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da kunnen da zai saurare shi, gori ba ya hana a sake.

Zaƙami shi ne kishiyar wannan. Atrofin da danginsa ne a cikin 'ya'yansa da ganyensa, don haka birkin yake cirewa ɗungurungum. Zuciya ta yi ta gudu, baki ya bushe ƙamas, fata ta yi zafi ba zufa, baƙin ido ya buɗe, fitsari ya ƙi fita, hanji ya tsaya, yaro ya yi ta sambatu yana kama abin da ba kowa ke gani ba. Masu zuba shi a zoɓo ko kunun biki don a yi dariya su sani zafin jiki da rikicewar bugun zuciya na kisa. Kada a ɗaure shi a rana ko a rufe shi da duka. A sanyaya jikinsa da jiƙaƙƙen tsumma, a kai shi asibiti.

Ciki ma a hannun jijiya ta 10 yake. Ƙamshin miya kaɗai ya isa ta sa tumbi ya fara tsatso ruwan narka abinci tun loma ba ta shiga ba. Shi ya sa daga 1943, lokacin da Lester Dragstedt ya farfaɗo da aikin a Shikago, likitoci suka shekara da shekaru suna yanke ta don maganin gyambon ciki. Sai suka tarar tumbin da aka yanke wa jijiya ba ya tura abinci gaba, dole a haɗa da faɗaɗa ƙofarsa. Zuwan magungunan rage ruwan narka abinci na tumbi, simetidin a 1976 da omefrazol bayansa, da ƙwayar cutar gyambon da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano a farkon shekarun 1980, sun kusan kawar da wannan tiyata.

Abin da wuƙar likita ta daina yi, ciwon suga na yinsa a hankali. Sugan da ya shekara 10 ko fiye yana sama na cinye jijiyoyi, kuma dogayen ya fi fara taɓawa. Lafiyayyen tumbi kan tura kusan kashi 90 cikin 100 na abinci cikin awa 4. Na wannan majinyaci kuwa, loma kaɗan ya ƙoshi, ciki ya kumbura, ya yi gyatsa mai wari, ya amayar da abincin da ya ci awa 8 ko 10 da suka wuce yana nan da kamanninsa. Sugansa ya rikice, domin insulin ya fara aiki abinci bai iso hanji ba, ya faɗi bayan cin abinci, ya hau can da tsakar dare. Farko a zura na'urar leƙa ciki a tabbatar ba tsohon gyambo ko daji ne ya toshe ƙofar tumbi ba. In jijiyar ce, a raba abinci ƙanana sau 5 ko 6 a yini, mai laushi, kamar fate da tuwo mai taushi da miya mai ruwa. A rage soye-soye da kitse. Kwaɗon zogale da rama da ɗanyen kabeji, waɗanda muke yaba wa sauran masu suga, wannan kam su ke tsaya masa. Kada ya kwanta sai bayan awa 2 da cin abinci. Tiramadol da kodin da Buscopan na ƙara tsayar da ciki. Maganin amai metoklofiramaid na taimakawa, miligiram 10 kafin abinci, amma ba maganin sha kullum ba ne; a 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shi ga kwana 5. Ga matasa yakan murɗe wuya, ido ya kafe sama, harshe ya zazzago, a ce iska ce, alhali allurar amai ce da aka yi a kemis. Irin wannan majinyaci zuciyarsa ma ta rasa birki, bugunsa na zaune a 100 ko fiye yana hutawa, kuma ciwon zuciya na iya kama shi ba tare da zafin ƙirji ba, sai dai haki da zufa da kasala.

Sai murya. Reshen da ke motsa tantanin murya ba kai tsaye yake zuwa ba. Sai ya sauka ƙirji, na hagu ya zagaya ƙarƙashin babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya, sannan ya hauro ta bayan maƙoƙo. Don haka dishewar muryar da ta wuce mako 3 ba mura, ba lallai a wuya matsalar take ba. Tana iya zama dajin huhu ga mai shan taba, ko kaluluwar tarin fuka a ƙirji, ko zuciyar da ta kumbura saboda ƙofarta ta tsuke. A daina tsotsar alewar tari, a je a leƙa maƙogwaro a ɗauki hoton ƙirji. Mai shirin tiyatar maƙoƙo ta nemi a duba tantanin muryarta kafin aiki da bayansa. In reshe ɗaya ya taɓu murya ce ke dishewa, kuma yawanci tana dawowa cikin wata 6. In biyun ne, numfashi ke toshewa.

Bayan shanyewar ɓarin jiki, kusan rabin majinyata haɗiya kan gagare su a kwanakin farko, saboda cibiyar da ke ba wannan jijiya umarni ta taɓu. Kafin a ba su komai a gwada: ya kasance a farke, a zaune tsaf, a ba shi ƙaramin cokali na ruwa sau 3, ana kallon tari da jin ko murya ta koma kamar mai kurkurar maƙogwaro. In ya wuce, a ba shi mililita 50 a kofi. In ya ƙware, a dakata da baki, a sa robar hanci. Iyalai na ƙin robar nan suna ganin alamar ƙarshe ce, alhali ita ke raba majinyaci da ciwon huhu har haɗiyar ta dawo. Wanda ke iya ci, a ba shi a zaune, loma ƙanana, ya ƙara minti 30 a zaune, a wanke masa baki.

Tarin da ke zuwa wa mai sosa kunne da ashana ko gashin kaza, ɗan reshen kunnen nan ne. Shaƙuwa ma da hannun jijiyar. Wadda ta wuce awa 48 a auna ƙoda.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo bidiyoyin TikTok da Facebook masu cewa kowace cuta daga wannan jijiya take, a sayi ɗan maƙalen kunne ko man shafawa a gyara ta. Akwai na'urar gaskiya. Ana dasa ta ƙarƙashin fatar ƙirji da waya zuwa jijiyar hagu, an zaɓi hagu ne don ta dama ta fi iko da makunnin zuciya, takan yi aiki daƙiƙa 30 ta huta minti 5. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1997 don farfaɗiyar da ta gagari magani, a 2005 kuma don matsananciyar damuwa. Rage yawan faɗuwa take yi, ba ta cika warkarwa ba, tana kuma dishe murya. Binciken Kevin Tracey da abokansa a 2000 ya nuna jijiyar na rage kumburin jiki a ɓeraye, kuma ana ta gina aiki a kai. Wannan duka tiyata ce da sa idon ƙwararru, ba ta da haɗi da abin da ake tallatawa a waya.

Abin da mutum zai iya yi da kansa ba ya cin ko kwabo. Bugun zuciya na ƙaruwa in an ja numfashi, yana raguwa in an sake, domin lokacin sakewar jijiyar ke kamawa; ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannun yaro za ka ji. Ja numfashi ta hanci daƙiƙa 4, sake shi a hankali daƙiƙa 6, wato sau 6 a minti, na minti 5 zuwa 10, yana kwantar da fargaba yana ɗan sauke awon jini. Ɗan saukewa muka ce, ba ya maye gurbin ƙwayar hawan jini. Tafiya da sauri minti 150 a mako, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, na ƙarfafa jijiyar. Shi ya sa bugun ɗan ƙwallo kan sauko 50 yana lafiya lau.

Roƙonmu ta bakin jaridarka, Malam Edita, ga shugabannin makarantu: daga Maris zuwa Mayu a gajarta asambili ko a yi shi a inuwa, a ajiye randa kusa, a kuma gaya wa ɗalibai wanda ya ji jiri ya zauna ba sai ya nemi izini ba. Masu karɓar gudummawar jini su ba mai bayarwa rabin lita na ruwa kafin a fara. Ma'aikatun lafiya na jihohi kuma su duba ma'ajiyar asibitocin karkara kafin damina ta kankama. Atrofin ba shi da tsada, amma ƙananan kwalabensa miligiram 0.6 ko 1 ne kawai, kuma mutum ɗaya da maganin feshi ya kama sosai na iya cinye gommai a awannin farko. A ajiye shi da yawa, tare da iskar oksijin da jakar hura numfashi, a kuma manna takardar yadda ake ninka shi a bangon ɗakin gaggawa.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya masu karanta jaridarka